Tambaya da Amsa: Daga Zariya zuwa Warri a jirgin ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana kasuwanci a Warri, matarsa ta haihu, mahaifiyarmu kuma ta dage sai ta je ta ga jikanta. Tana fama da ciwon gwiwa, zaman mota na wuni guda zai ba ta wahala. An ce mini yanzu jirgin ƙasa yana zuwa har Warri. A ina zan yanki tikitin da zai kai mu can? Daga wani mai karatu, Sabon Garin Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, kai kuma ya saka maka da alheri kan tausayin Mama. Wanda ya ba ka labari bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa ba. Babu tikiti ɗaya da zai ɗauke ku daga Arewa ya dire ku a Warri, domin sabbin layukan dogo na Najeriya masu dogon zango guda uku ne, kuma babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Akwai na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, wanda aka buɗe a Yulin 2016. Akwai na Itakpe zuwa Warri, kilomita 326, da aka ƙaddamar a Satumban 2020. Sai na Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a Yunin 2021. Hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ce ke kula da su duka, amma kowanne da jadawalinsa da tikitinsa. Tsakanin wannan da wancan kuwa, kwalta ce.

To ga yadda tafiyarku za ta kasance. Daga Zariya za ku shiga mota zuwa Kaduna, ku nufi tashar Rigasa. Kada ka yi lissafi da isarku Kawo, don Rigasa tana can yammacin gari, kuma cunkoson hanyar yakan cinye wa mutum lokaci. Ku isa da saura sa'a guda aƙalla, saboda akwai layin bincike, Mama kuma ba za ta iya sauri ba. Daga Rigasa zuwa Abuja sa'a biyu ne da 'yan kai, wani lokaci ya zarce. Tashar ƙarshe ita ce Idu, amma kafin ita akwai Kubwa, inda mutanen Dei-Dei da Gwarinpa da Bwari suka fi sauka. Ka tsayar da inda za ku kwana tun kafin ka zaɓi tashar sauka.

Na ce kwana, domin wannan tafiya ba ta rana ɗaya ba ce, kuma a nan ne nake so ka fi natsuwa. Daga Abuja sai kun koma mota, ku bi Gwagwalada da Abaji, ku tsallake Kogin Kwara a gadar Murtala kusa da Koton Karfe, ku wuce Lokoja, ku kama hanyar Okene har Itakpe a jihar Kogi. Wannan yanki shi ne mafi wahala ga mai ciwon gwiwa, hanya ce ta manyan motoci, ba a kuma yi mata alkawarin lokaci. Wanda ya ce zai sauka daga jirgin Kaduna ya tarar da na Itakpe a rana guda, caca yake yi da kuɗin tikitinsa. Shawarata ku ɗauki shatar ƙaramar mota daga Abuja yadda za ku iya tsayawa ta miƙe ƙafa ta yi sallah, ku kwana a Lokoja, washegari ku ƙarasa Itakpe da wuri.

Daga Itakpe jirgin yakan bi Ajaokuta, da Uromi, da Agbor, da Abraka, ya tsaya a Ujevwu. Ka riƙe wannan suna da kyau, saboda tashar ba a tsakiyar Warri take ba, tana ƙaramar hukumar Udu ne. Ƙanenka ya zo da mota ya jira ku. Sannan an sha dakatar da jirgin wannan layi don gyara, saboda haka ya je tashar da ƙafarsa kwana biyu kafin ku taso, ya tabbatar yana aiki. Idan ya ce an tsayar, ku ɗage tafiyar. Gara a jira mako guda da a bar tsohuwa a Itakpe ba jirgi.

Duk da wannan sarƙaƙiya, ina ganin dabarar ta cancanci a yi ta. A cikin tarago Mama za ta iya tashi ta taka, akwai banɗaki, babu ramin hanya da zai riƙa girgiza mata ƙafa. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne sanyi. Na'urar sanyaya taragun takan yi ƙarfi, na sha ganin dattawa sun naɗe ƙafafunsu cikin mayafi suna rawar ɗari tun kafin a kai Rijana. Ka saka mata safa da rigar sanyi, ka cika mata fulas da kunu ko shayi, maganinta kuma ya zauna a jakar hannu. Ta yi alwala tun daga tasha. Idan da hali, ka yanka mata tikitin taragon alfarma, kujerunsa sun fi faɗi.

Tambaya: Na duba manhajar sayen tikitin jirgin Kaduna zuwa Abuja na tarar tikitin Juma'a ya ƙare. Wani a bakin tasha ya ce zai samo mini idan na ƙara kuɗi, amma da sunan wani. In karɓa? Daga wata 'yar'uwa, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Kada ki karɓa, Hajiya. Tun Janairun 2021 aka fara sayar da tikitin wannan layi ta intanet. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, wanda aka rasa rayuka a cikinsa aka kuma sace fasinjoji da dama, jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamban shekarar, kuma ya dawo ne da sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Hikimar ita ce a san wanda ke zaune a kowace kujera. Idan aka haska tikitin a ƙofa sunan wani ya fito, za a iya mayar da ke, kuɗin kuma ya tafi. Ko da kin wuce, Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru sunanki ba ya cikin jerin fasinjoji, danginki za su rasa inda za su neme ki. Wannan shi ya fi damuna.

Juma'a da Lahadi da jajibirin Sallah su ne ranakun rububi. Ki yi rajista a manhajar tun yau, ki tabbatar sunanki ya yi daidai da na katin shaidarki harafi da harafi, ki saya da zarar an buɗe sayarwar ranar da kike so. Bayan kin biya, ki ɗauki hoton tikitin ki ajiye a waya, don kada sabis ya ɗauke miki a bakin ƙofa. Idan aikinki zai bari, ki koma tafiyar Talata ko Laraba.

Tambaya: Mahaifina yakan ba mu labarin jirgin Kano zuwa Ikko. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro kaya a Legas. Zan iya bin sa? Yaushe kuma namu zai iso? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, layin da Baba yake magana a kai tsohon dogo ne mai ƙaramin faɗi, milimita 1,067, sabbin kuwa 1,435 ne, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Tsohon dogon ya isa Kano a 1911, daga baya ya kai Kaura Namoda da Nguru, ya kai Maiduguri a 1964. An farfaɗo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano a Disamban 2012, tafiyar tana cin fiye da sa'a 30, kuma ya sha tsayawa na dogon lokaci. Mai harkar da ke da rana da lokaci kada ya jingina da shi, sai dai in ka shigo Kano ka leƙa tasha ka ji halin da ake ciki.

Naku layin, na Kano zuwa Maraɗi, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021. An tsara ya bi Dambatta, da Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya, ya shiga Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. A Yulin 2021 kuma aka fara aikin na Kaduna zuwa Kano. Ko an gama su biyun, iyakarsu Abuja, sai an haɗa da Ibadan kafin a ce Legas. A halin yanzu abin da zai amfane ka shi ne motarka ta sauke ka a Ibadan, ka je tashar Moniya, ka hau jirgi ya bi da kai ta Abeokuta cikin kamar sa'a biyu da rabi, ka huta da cunkoson shiga Legas. Idan masaukinka a Zangon Agege yake, ka yanki tikitin Agege, kada ka bari ya wuce da kai Ebute Metta.