Idan maƙiyi ne ke riƙe da fitilar, ina makomar mabuɗin kwantam?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar fiziks ce a Jami'ar Bayero. An koya mana cewa mabuɗin sirri na kwantam ba ya satuwa. To idan na'urar da ke fitar da hasken ba abar yarda ba ce fa?

Amsa: 'Yar'uwa, kin sosa wa masana inda ke musu ƙaiƙayi. Mabuɗin kwantam lambobin sirri ne na kulle saƙo, waɗanda mutum biyu ke samarwa ta hanyar aika ƙwayoyin haske. Tsarin BB84, wanda Charles Bennett da Gilles Brassard suka fito da shi a 1984, ya dogara ne da ƙwayar haske guda tak: ba ta kwafuwa, kuma duk wanda ya auna ta a hanya sai ya bar alama. Amma leza, wato fitilar da ake amfani da ita, takan tofo ƙwaya biyu ko uku masu saƙo ɗaya. Ɓarawo ya zare guda ya ajiye, sauran su wuce, ba wanda ya farga.

Abin ya fi ƙamari a tsarin kai-da-komo da aka ƙera a Janeba. A can hasken daga wurin mai karɓa yake tasowa, ya bi wayar faiba zuwa ga mai aikawa, ya ɗora masa saƙo ya mayar. A tafiyar farkon nan ɓarawo na iya musanya hasken da nasa.

A 2008 Yi Zhao, Bing Qi da Hoi-Kwong Lo na Jami'ar Toronto suka nuna mafita. Ki dubi mai sayen masara a Dawanau: ba ruwansa da rantsuwar mai kaya, soka buhun yake ya ɗebo a tafin hannu ya gani. Haka mai aikawa zai tace hasken da ya iso, ya raba shi biyu, kashi ɗaya ya tafi na'urar auna ƙarfi, ɗayan a rage masa ƙarfi ƙwarai kafin ya fita. Awon nan ne ke nuna masa nawa ne daga cikin tartsatsin hasken da suka iso ƙarfinsu ya tsaya cikin iyakar da aka yarda da ita. Waɗanda suka kauce, a ɗauka ɓarawo ya riga ya san su, a datse mabuɗin gwargwadon haka. Mabuɗin yakan gajarce, kuma ni a ganina arha ce wannan.

Abin da ke damuna shi ne na'urar awon kanta, domin an gwada an ga ana iya yaudarar ta idan ba a ƙera ta da kyau ba.

Akwai kuma hanyar Artur Ekert ta 1991, mai amfani da tagwayen ƙwayoyin haske masu sarƙe da juna. A nan ko maƙiyi ne ya kunna fitilar, gwajin Bell, mai auna ko tagwayen na sarƙe da gaske, zai tona shi. Da tagwaye irin waɗannan tauraron ɗan'adam na Sin, Micius, ya raba mabuɗi tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,120, aka wallafa sakamakon a 2020.