Fendar ƙarfe ga Hilux: zan iya yi, kuma akwai kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni mai walda ne a Kaduna, ƙofofi da tagogi da tankin ruwa nake yi. To kwanaki wani kwastoma ya kawo min Hilux ɗinsa ya sa mata manyan tayoyi har sun leƙo waje, ya nuna min hoto a waya na irin ƙarin fendar nan ta ƙarfe, wato murfin da ke rufe saman taya, da ake sa wa Jeep a Amurka wai in yi masa irinta. Na ce ya ba ni sati biyu. Shin abu ne da zan iya da injin waldana na kullum, kuma in na iya akwai ci a ciki ko asarar ƙarfe kawai zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Iyawa kam za ka iya, wanda ya haɗa tankin ruwa bai yi yoyo ba ai wannan ba zai gagare shi ba. Amma ka ajiye hoton nan tukuna. Jeep Wrangler da ka gani, fendarta ta asali da ke leƙowa a saman taya roba ce da ake kwancewa, masu ƙera ta ƙarfen kuma suna haɗo ta da nata maɗaurai da ke kama ƙarfe mai ƙarfi daga ciki. Hilux ba haka take ba, fendarta fallen ƙarfe ne siriri wanda kaurinsa bai cika milimita 1 ba, in ka ɗaura masa abu mai nauyi da noti huɗu ka sallami mutum, wallahi kafin damina ta fita ramukan notin sun tsage saboda jijjiga, ranar da kuma ya goga da bishiya ko wata mota, naka ƙarfen ba abin da zai same shi, jikin motar ne zai lotse har ya taɓa ƙofa. To ka ga inda aikin yake: wajen ɗaurewa ne, ba wajen lanƙwasawa ba.

Fara da kwali. Ka manna shi a bakin fendar ka zana ka yanke, ka yi ta gyarawa har ya kwanta daram, na gaba daban na baya daban, na hagu kuma juya na dama kawai za ka yi. Kafin ka yanka ƙarfe ka sa a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, sannan a hau da taya ɗaya kan tudu don ɗayar ta shige ciki sosai, ka ga ko za ta goga. Mutane da yawa suna aunawa ne mota na tsaye a fili ba kaya, sai an ɗora buhu goma a baya an faɗa rami sannan a ji taya na cin ƙarfe.

Ƙarfen kuma kar ya wuce milimita 1.5 zuwa 2. Na san halinmu, muna ganin nauyi shi ne inganci, kwastoma ma sai ya ɗaga ya ji nauyi hankalinsa ke kwanciya, amma a nan nauyi cuta ne. Sandar walda geji 12 ka rage wuta, ka riƙa ɗigawa nan da can kana barin wuri ya huce, in ka ja layi ɗaya dogo fallen zai murɗe. In kana da hanyar samun injin MIG, wato mai walda da waya da iskar gas, ya fi tsafta a siririn ƙarfe. Gefen waje kuma ko ka naɗe shi ko ka bi shi da siririn bututu, kar ka bar kaifi ko kaɗan, motar nan ba daji kaɗai za ta shiga ba, za ta bi ta cikin kasuwa tsakanin masu babur da yara.

Kar ka yi waldarta a jikin mota. Noti za ka sa, da yawa, kusa da kusa, ka sa dogon ƙarfe siriri ta ciki ya raba nauyin, ka shimfiɗa roba tsakanin fendarka da fentin motar ko da tsohon tiyub ne ka yanka da kyau. Duk ramin da ka huda ka shafa masa jan fentin nan na hana tsatsa kafin noti ya shiga, don daga nan ruɓa ke farawa. In kuma dole sai ka ɗiga walda a jikin motar to cire batir, sababbin Hilux ɗin nan kwamfuta ce ke juya injinsu, kuɗinta zai cinye ribarka har da uwar kuɗi.

Maganar kasuwa, gaskiya kar ka tara kaya. Ta roba da ake shigowa da ita daga Chana da Tailan ta fi taka araha kuma ta fi sheƙi, mai son ado ita zai saya. Naka kwastoman shi ne wanda motarsa ke aiki: masu manyan gonaki, 'yan kwangilar hanya da rijiyar burtsatse, masu hawa Mambila, direbobin sahara irin na Agadas. Su abin da za ka sayar musu shi ne in ta lanƙwashe kowane mai walda a ƙauye zai buga ta ta miƙe, ta roba kuwa in ta fashe sai shara. Sannan Hilux ɗin da ake kira Vigo da wadda ta biyo ta a 2015 ba bakin fenda ɗaya gare su ba, balle Land Cruiser, don haka duk motar da ka yi wa ka mayar da kwalin nan samfurin langa-langa ka rubuta sunan motar da shekararta ka rataye. A aiki na farko ribar kaɗan ce, a na uku da na huɗu za ka ji daɗi tunda awo ya riga ya zauna. Ka karɓi kafin alƙalami da zai sayi ƙarfe da fenti, ka ɗauki hoto kafin da bayan aiki ka sa a WhatsApp da Facebook, ka kuma kai saiti ɗaya wajen masu sayar da taya a kasuwar Panteka, su ne ke fara ganin wanda tayarsa ta leƙo.

TAMBAYA: Malam ni direba ne a Jalingo, fendar robar da ke jikin motar maigidana kullum sai ta saki tana kaɗawa, in ce masa a canza ta ƙarfe?

AMSA: A'a, kar ka sa shi kashe kuɗi tukuna. Yawanci 'yan maƙalan roban da ke riƙe ta ne suka karye, laka ta taru a bayanta ta yi nauyi. A kwance ta a wanke, a duba ko tsatsa ta fara ci a ƙarƙashi, a sa sababbin maƙalai ko ƙananan noti da washa. In ita kanta ta tsage gida biyu, to sannan ku nemi mai walda.