Shin gaskiya ne kwamfutar Mac ba ta kamuwa da bairos, kuma ta cancanci tsadarta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa bidiyo da gyaran hotuna, kuma da kwamfuta mai Windows nake aiki. Kwanakin baya wata muguwar manhaja ta shige ta, ta kulle duk ayyukan mutane da ke ciki, har yau ban gama farfaɗowa daga asara da kunyar da na sha ba. Wani mai sayar da kwamfutoci ya ce mini in koma Mac, wai ita bairos ba ya kama ta ko kaɗan, kuma ba sai na ƙara wahalar ajiye kwafin aikina a wani wuri ba. Kuɗinta ya kusa ninka na wadda na yi niyyar saya, kuma abin da na daɗe ina tarawa ne zan zuba. Me ya sa mutane suke yarda su biya wannan tsada? Ina tsoron in saya in yi nadama, ina kuma tsoron in ƙi saya abin ya sake faruwa da ni.

Amsa:

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya mayar miki da mafificin abin da kika rasa. Akwai dalilai na gaskiya da suke sa mutum mai hankali ya biya kuɗin Mac yana sane da tsadarta, amma dalilin da mai shagon nan ya ba ki ba ya cikinsu, kuma idan kika saya a kan maganarsa, to kin sayi kwanciyar hankalin da babu ita.

Dalili mafi ƙarfi shi ne kamfani ɗaya ne, wato Apple, yake ƙera na'urar, yake kuma rubuta babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Ita Windows dole ta zauna lafiya da kwamfutocin Dell da HP da Lenovo da Asus da sauran kamfanoni masu yawa, kowanne da irin kayan da ya haɗa a ciki, shi ya sa ake yawan samun saɓani tsakanin manhaja da na'ura. Wannan bambanci ya ƙara fitowa fili tun watan Nuwamba na 2020, lokacin da Apple ya fara barin firosesar kamfanin Intel, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk ayyukan kwamfuta, ya fito da tasa mai suna M1. Batir ya riƙa daɗewa ƙwarai, zafi ya ragu har MacBook Air ta zo babu fanka a cikinta, kuma ƙarfin kwamfutar ba ya faɗuwa sosai idan an cire ta daga wuta. Ga mai irin sana'arki wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman da yake daga 2021 an ƙara wa manyan firosesocin wani sashe na musamman da ke sarrafa bidiyo, ga kuma sikirin da launinsa yake fitowa daidai tun daga kamfani.

Wasu kuma manhaja ce ta ɗaure su. Final Cut Pro na haɗa bidiyo da Logic Pro na haɗa sauti ba sa aiki a Windows, kuma kusan duk mai son rubuta manhajar iPhone sai ya bi ta manhajar Xcode, wadda a Mac kawai take. Masu rubuta manhaja da yawa suna son ta saboda tun 2001 aka gina babbar manhajarta a kan tushen Unix, wani daɗaɗɗen tsarin tafiyar da kwamfuta da suka saba aiki da shi. Akwai wanda yake da iPhone da iPad, ya saba tura hoto ta AirDrop da ajiya a iCloud, ya ga fita daga wannan gida ta fi masa tsada a kan zama a ciki. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, wanda tambarin tufa da ke bayan murfin kawai yake saya domin a gani.

Batun tsadar ma yana buƙatar adalci. Apple bai saba yin kwamfutoci masu rauni na ƙasan kasuwa ba, don haka in za a gwada farashi sai a gwada ta da takwarorinta irin su ThinkPad X1 ko manyan kwamfutocin Dell, a nan kuwa tazarar tana raguwa sosai. Ta hannu ma tana riƙe darajarta fiye da yawancin sauran. A 2016 kamfanin IBM ya bayyana cewa idan aka lissafa kuɗin kulawa na shekara 4, kowace Mac da ya ba ma'aikatansa ta fi masa sauƙi a kan kwamfutar Windows. Masu tallar Mac suna son wannan labari, sai dai ba sa faɗin cewa an yi bayanin ne a taron kamfanin Jamf, wanda sana'arsa ita ce sayar da manhajar kula da kayan Apple, kuma lissafin kamfani mai dubban ma'aikata ba lissafin mace ɗaya da kwamfuta ɗaya ba ne.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, wadda kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani da aka riga aka cuta: wai Mac ba ta kamuwa da bairos. Wannan ƙarya ce, kuma tsohuwar ƙarya ce. Ɗaya daga cikin bairos na farko da suka bazu a kwamfutocin jama'a, mai suna Elk Cloner, a kwamfutar Apple II ya bazu a 1982, tun kafin a fito da Macintosh, wato Mac ta farko, a 1984. A 2011 wata manhaja mai suna MacDefender ta riƙa shiga da sunan maganin bairos tana karɓar lambobin katin bankin mutane. A 2012 wata mai suna Flashback ta kama Mac sama da 600,000 ta wata kafa da ke cikin manhajar Java, kuma a wannan shekarar Apple da kansa ya cire iƙirarin da ke shafinsa na cewa Mac ba ta ɗaukar bairos ɗin sauran kwamfutoci. A watan Maris na 2016 aka gano KeRanger, wadda ta yi wa masu Mac daidai abin da aka yi miki: ta shigo a ɓoye cikin wata manhajar sauke fayiloli mai suna Transmission, ta yi shiru kwana 3, sannan ta kulle fayiloli ta nemi fansar bitkoyin 1. Ko wata 4 ba a yi da fitowar M1 ba aka gano wata muguwar manhaja mai suna Silver Sparrow a Mac kusan 30,000, har da nau'in da aka gina musamman domin sabuwar firosesar. A watan Mayu na 2021 kuma Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na Apple, ya shaida wa kotu a shari'arsu da kamfanin wasannin kwamfuta na Epic Games cewa yawan miyagun manhajojin da ke Mac ya kai matakin da su kansu ba su yarda da shi ba. To idan wanda ya gina gidan ya faɗi haka a gaban alƙali, da wane ilimi mai shago zai ce miki ba ta kamuwa?

Ƙaryar tana da ɗan tushe, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Kusan kashi 70 cikin 100 na kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka a duniya Windows suke ɗauke da ita, ɓarawo kuwa kasuwar da ta cika yake bi, saboda haka yawancin miyagun manhajoji domin Windows aka rubuta su, kuma ba sa tashi a Mac. Haka nan Mac tana da matakan tsaro masu kyau: XProtect da ke duba sanannun miyagun manhajoji tun 2009, Gatekeeper da ke tare manhajar da ba a san asalinta ba tun 2012, da kariyar da ke hana taɓa zuciyar babbar manhaja tun 2015. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma a lura, kamfanin da ya tabbata kayansa ba sa kamuwa ba zai ɓata shekaru yana gina waɗannan katangu ba. Ita ma Windows ta yau ba ta jiya ba ce, domin tana zuwa da Microsoft Defender a cikinta, kuma wanda yake sabunta ta a kan kari ba ya cikin haɗarin da ake zuzutawa.

Abin da masu wannan magana ba su gane ba, ko suka gane suka ɓoye, shi ne yawancin kutsen yau ba ta katanga ake haurowa ba, mai kwamfutar ne ake yaudara ya buɗe ƙofa da hannunsa. Tun 2023 ake sayar wa 'yan damfara wata manhaja mai suna Atomic Stealer, wadda aka yi ta domin Mac kaɗai. Tana zuwa ne a cikin manhajojin sata da aka fasa, ko ta tallan bogi da ke kwaikwayon shafin manhaja ta gaskiya. Da an buɗe ta sai ta fito da ɗan akwati mai kama da na Apple ta nemi kalmar sirri, mutum ya rubuta da kansa, ita kuma ta kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye, da bayanan burauza, da asusun kuɗin kirifto. Da Apple ya tsaurara hanyar tsallake Gatekeeper a 2024, sai 'yan damfarar suka ƙara ƙaimi a wata dabara, ta sa mutum ya kwafi wani umarni ya liƙa a Terminal, wato wurin da ake rubuta wa Mac umarni kai tsaye, da sunan gyara matsala. Saƙon bogi da ke neman kalmar sirrin imel ko ta banki kuwa bai san ko a Mac aka buɗe shi ko a Windows ba.

A nan haɗarin yake. Mai Windows ya san ana farautarsa, don haka yakan yi ɗari-ɗari kafin ya danna abu. Wanda aka gaya wa cewa kwamfutarsa ba ta kamuwa kuwa, shi ne yake sauke duk abin da ya gani, ya ƙi sabuntawa wata da watanni, gargaɗi ya fito ya danna amincewa bai karanta ba. Mafi muni, wasu masu sayarwa da masu gyara, bakin da ya ce miki ba ta kamuwa, shi ne zai ce zai cika miki ita da Photoshop da Premiere da Final Cut kyauta. Waɗannan manhajojin sata ne, kuma kafin su zauna sai an kashe ko an tsallake matakan tsaron da kika biya kuɗi mai yawa dominsu. Ina roƙonki ki tambayi kanki tsakani da Allah ta wace hanya waccan muguwar manhajar ta shiga tsohuwar kwamfutarki. Idan ta manhajar da aka fasa ce, ko ta wani fayil da aka turo miki kika buɗe, to wannan ɗabi'a za ta bi ki zuwa kowace kwamfuta kika koma.

Maganarsa ta biyu, cewa ba sai kin ajiye kwafi ba, ta fi ta farko muni. A MacBook ta zamani ma'adanar bayanai a manne take da babban allon na'urar, kuma bayanan a kulle suke da mabuɗin da ke cikin firosesar. Ruwa ya zuba, ko allon ya ƙone, ba za a zare ma'adanar a sa a wata kwamfuta a kwashe aikinki ba kamar yadda ake yi wa kwamfutoci da yawa masu Windows. Apple ya san haka, kuma tun 2007 Mac take zuwa da Time Machine, wadda aikinta kawai kwafe bayanai zuwa wata ma'adana ta waje. Ko me kika saya, ki ware kuɗin ma'adanar waje guda 2 daga cikin abin da kika tara, ɗaya ta kwafin kullum, ɗaya kuma a cire take daga kwamfutar sai lokacin kwafi, domin manhajar fansa tana kulle duk ma'adanar da ta tarar a haɗe.

Game da zaɓin kansa, ki duba manhajojin da kike cin abinci da su. Premiere Pro da Photoshop da DaVinci Resolve duk suna aiki a ɓangarorin biyu, saboda haka babu abin da ya tilasta miki komawa. Idan kina yawan aiki nesa da wuta, ko kina son Final Cut Pro, ko daidaiton launi ya dame ki, kuɗin Mac ba asara ba ne. Idan kuwa sayenta zai cinye kuɗin lasisin manhaja da na ma'adanar waje, kwamfutar Windows mai kyau da manhaja ta halal ta fi miki tsaro nesa ba kusa ba.

In kin yanke shawarar Mac, ki sani ba a ƙara mata ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a ciki, bayan an saya, don haka kada ki karɓi mai gigabayit 8 domin aikin bidiyo. Apple ma a watan Oktoba na 2024 ya mayar da mafi ƙarancinsa 16. Boot Camp da ake ɗora Windows da shi ba ya aiki a masu firosesar M. Ki guji tsofaffin masu firosesar Intel komai araharsu, domin babbar manhajar macOS Tahoe ta 2025 ita ce ta ƙarshe da ke karɓar wasu daga cikinsu. Idan ta hannu ce, kada ki biya sai mai ita ya fita daga asusunsa na Apple, ya goge ta, kin kunna ta kin shiga da naki asusun a gabansa, domin wadda aka bari a ɗaure da asusun wani ba za ta buɗu miki ba, kuma mai shagon da ya ce zai buɗe miki ita daga baya kada ki saurare shi.