Na cire ɓoye bayanai, sai aka kulle mini domen na kwana 60

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, kuma shekara uku ke nan ina da shafi mai ƙarewa da .com inda masu saye daga Abuja da Legas ke duba kaya. Wani yaro ne ya buɗe mini a wani kamfanin ƙasar waje. Da dala ake sabuntawa, katina kuma ba kullum yake wucewa ba, shi ya sa na so in mayar da shi kamfanin gida da zan riƙa biya da naira. Sabon kamfanin ya ce sai na cire ɓoye bayanai, wato labulen da ke rufe lambar waya da imel na mai shafi daga idon jama'a. Na cire. Sai na ga imel ɗin yaron ne a ciki, na goge na sa nawa. Washegari aka rubuto mini cewa an kulle, ba zai motsa ba sai bayan kwana 60. Saura sati uku rajistar ta ƙare, ga baƙin lambobi sun dame ni da kira wai za su gyara mini shafi. Cutata ake yi ko me?
Wata 'yar kasuwa, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba cuta ba ce, amma kina da gaskiya ki ji haushi, domin da an gaya miki abu ɗaya tun farko da ba ki shiga wannan hali ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sati ukun nan. Ki sabunta rajistar a tsohon kamfanin yau ko gobe, shekara ɗaya kawai, ko da sai kin ba wani mai katin dala naira ya biya miki. Kuɗin ba zai tafi a banza ba. Shekarar tana bin domen ɗin, wato sunan shafinki mai ƙarewa da .com, duk inda ya koma, ranar ƙaura kuma sabon kamfanin zai ɗora wata a kai. Idan kika bari ya mutu, shafin zai ɗauke, daga baya ya faɗa wa'adin fansa na kwana 30, kuɗin fansar kuma ya ninka na sabuntawa sau da yawa.

Makullin da aka sa miki ba daga cire ɓoye bayanai kaɗai ya fito ba, canza imel ne ya jawo shi. Hukumar ICANN, mai hedikwata a Los Angeles, ita ke shimfiɗa dokokin .com da .net da .org. Tun 1 ga Disamba 2016 ta ce duk wanda ya canza sunan mai domen, ko sunan kamfaninsa, ko imel ɗinsa, a kulle ƙaura na kwana 60. Dalilin mai kyau ne: ɓarawon da ya shiga asusun mutum, imel yake fara canzawa, sannan ya gudu da domen ɗin wani kamfani. Dokar ta yarda kamfani ya ba ki zaɓin cewa ba kya son makullin, amma kafin a yi canjin, ba bayansa ba. Wasu kan ajiye zaɓin a wani ɗan akwati da ido ba ya kaiwa, wasu ba sa bayarwa sam. Wannan ne ke ɓata mini rai. Na taɓa taya wata makarantar Islamiyya irin wannan ƙaura, muka yi kuskure irin naki sak, muka zauna wata biyu muna ƙirga kwanaki saboda akwatin da ba mu gani ba.

Shawarar da sabon kamfanin ya ba ki ta tsohon yayi ce. A da, kamfanin da za a koma yana duba rajistar jama'a da ake kira WHOIS, ya ɗauki imel ɗin mai domen, ya aika masa takardar amincewa. Idan akwai labulen sirri, imel ɗin kamfanin ɓoyewa ne ke bayyana, saƙon ya maƙale a can ko ya faɗa cikin tarkace. Shi ya sa ake cewa a ɗage labule. Amma tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, kamfanoni da yawa suka daina baje imel a fili, ƙaura ta koma dogaro da lambar sirri da ake kira EPP. Har yanzu akwai tsofaffin kamfanonin da ba sa sakin domen sai an cire labulen, don haka wanda za ki bari shi ya kamata a tambaya, ba wanda za ki koma ba.

Akwai wani abu da nake so ki duba da idonki. Ɓoye bayanai iri biyu ne. A na farko ke ce mai domen a rubuce, lambarki da adireshinki kawai aka rufe. A na biyu kamfanin ɓoyewar ne ke tsayawa a matsayin mai shi, ke kuma kina amfani da shi bisa yarjejeniya, kamar mai haya a shagon da takardarsa ke ɗauke da sunan wani. Tun da kin ce imel ɗin yaron ne a ciki, ina zargin sunansa ne ma a gurbin mai mallaka. Idan haka ne, ki kira shi ku zauna a gyara yau, tunda dai a kulle yake. Kowane canji yana iya sabunta ƙirgen kwana 60 ɗin, gara a yi shi sau ɗaya a gama. Asusun kamfanin ma ya zama da imel ɗinki da lambar wayarki.

Masu kiran nan kuwa, na'urori ne ke kwashe lambobi daga rajistar da zarar sun bayyana. Ki tambayi tsohon kamfanin a rubuce ko mayar da labulen zai taɓa ƙirgen kwanakin. In sun ce a'a, ki mayar. Duk imel ɗin da ya zo yana cewa ki danna nan ki biya kuɗin sabuntawa, kada ki taɓa. Ki shiga asusunki da kanki.

Idan kwanakin suka cika, ki buɗe lookup.icann.org ki sa sunan shafin. In kin ga clientTransferProhibited, makullin na nan, sai ki cire shi daga asusunki. Ki nemi lambar EPP. Dole ne su ba ki cikin kwana 5, in sun ƙi kina iya kai ƙara ICANN kyauta. Ki ba sabon kamfanin lambar, ki biya. In tsohon bai ce komai ba, ƙaurar na kammala kanta bayan kwana 5. Kafin nan ki sa wanda ya iya ya kwafe miki saitin DNS, wato bayanan da ke haɗa sunan shafin da inda shafin yake ajiye, domin idan shafin na jingine da na tsohon kamfanin, zai iya ɗaukewa ranar ƙaura. Labulen ba ya bin domen, sai kin kunna sabo a can, kuma ki tambayi farashinsa tun kafin ki biya, don wasu kyauta suke bayarwa, wasu kuma kuɗi daban suke caja duk shekara.