Burs ɗin Maroko ko jami'ar Faransa: daga wace jaka za a biya?

Wani Alhaji mai fataucin albasa ne ya aiko da wannan daga Tawa: "Malam, ɗana na fari ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, da sakamako mai kyau. Ya samu burs zuwa Maroko, karatun kwamfuta. Ba kuɗin makaranta, akwai ɗakin kwana, akwai ɗan abin kashewa duk wata. Amma shi ransa na Faransa. Wata jami'a a birnin Liyon ta karɓe shi, sai dai komai daga aljihuna zai fito. Jarina ya kai miliyan 25 na sefa, shekara mai kyau ina samun riba kamar miliyan 6. Uwarsa ta ce kar in karya masa zuciya. Ni kuma ban yi lakwal ba, ina son ya yi wadda ta fi kowace. In biya?"

Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yaro, ya sa a ci moriyarsa. Ba zan yi maka kwana-kwana ba: ya karɓi burs ɗin. Amma tunda kai ɗan kasuwa ne, ba za ka yarda da magana ba sai ka ga lissafi, don haka ɗauko takarda mu zauna.

A ƙa'idar 2025, kafin Faransa ta ba ɗalibi biza, sai ya nuna yana da aƙalla yuro 615 na kashewa kowane wata. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, farashin a ɗaure yake, ba ya hawa ba ya sauka. Ke nan jika 403 da ƴan kai duk wata. Wannan fa shi ne mafi ƙarancin abin da hukuma ta yarda da shi, ba shi ne abin da zama a babban gari irin Liyon yake ci ba, inda kuɗin ɗaki kaɗai kan lashe fiye da rabinsa. Sai kuɗin makaranta. A 2019 Faransa ta ɗaga shi ga ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba, ta mai da shi yuro 2770 a shekara ga masu lisans, wato digirin farko, kuma an ɗan ƙara tun daga lokacin. Wasu jami'o'in suna yafe wani kaso, to amma yafiya ba a rubuta ta a lissafi sai an gan ta a takarda. Haɗa duka: kusan miliyan 6 da jika 660 a shekara. Lisans shekara 3 ne. Miliyan 20 ke nan ba kaɗan, ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa rigar sanyi da kwamfuta ba, ban sa wahalar neman biza ba tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a watan Janairun 2024.

Yanzu ka dubi abin da ka rubuto da hannunka. Ribarka ta shekara mai kyau miliyan 6. Ko da gidanka kaf za su yi azumin shekara, ba cefane, ba wuta, ba magani, ba kuɗin makarantar ƙannensa, ribar ba ta kai kuɗin Liyon ba. To daga ina cikon zai fito? Daga uwar kuɗi. Nan ne maganar take, sauran duk reshe ne.

Ka fi ni sanin yadda albasa take ba da riba. Ana tonon ta a Galmi da Madawa da Ƙonni wajen watan Maris da Afirilu, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi ƙasa warwas. Wanda yake da ƙarfi shi ne yake saye a lokacin, ya zuba a rudu, ya jure asarar wadda ta ruɓe da wadda ta tsira, ya jira damina ta wuce, kaya su yi ƙaranci a Abijan da Kumasi da Akara, sannan ya loda mota. Ashe ba albasa kaɗai kake sayarwa ba, haƙuri kake sayarwa. Shi kuwa kuɗin ɗaki a Turai bai san damina ba. Ranar ɗaya ga wata mai gida yana jiran nasa, ko buhu yana tsada ko yana araha.

Na taɓa zama a rumfar wani abokin sana'arka da irin wannan ta same shi. Muna shan shayi wayarsa ta yi ƙara, ya duba lambar, na ga fuskarsa ta sake. Ya tashi ya koma bayan buhuna, ina jin yana cewa "to, to, in sha Allahu jibi." Da ya dawo bai ƙarasa shayin ba. Ya kira dillali ya ce a buɗe rudu biyu. Watan Yuni ne, kowa ya san ba lokacin sayarwa ba ne, dillalin ma sai da ya ce masa "Alhaji, yanzu?" Ya ce "yanzu." Wannan kayan da ya bari zuwa Oktoba da ya ga alherinsu. Shekara ta biyu ya sayi ƙasa da abin da ya saba saye don jari ya ragu, riba ta ragu da shi, kuɗin yaro kuwa suna nan yadda suke. A shekara ta uku mutumin da yake loda motarsa shi kaɗai ya koma haɗa kaya da wasu. Bai yi caca ba, bai ƙara aure ba, karatun ɗa kawai yake biya.

Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan: kar ka auna da shekararka mai kyau, auna da mafi muninta. Tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, kuɗi suka maƙale a banki, motoci suka yi cirko-cirko a hanya. Nawa ka samu a wannan shekarar? Cire abin da gida ya ci. Abin da ya rage, shi ne ƙarfinka na gaskiya. Kuma ka sani, takardar zaman ɗalibi in ta zo sabuntawa ana sake duba ko yana da abin da zai riƙe kansa. Yaron da kuɗi suka yanke masa a shekara ta biyu ya yi biyu babu: ba digirin Faransa, burs ɗin Maroko kuma an daɗe da ba wani.

Zai ce maka, "Baba, ai zan yi aiki can." Gaskiya ne doka ta ba ɗalibi damar yin aiki har awa 964 a shekara. Amma yaron da bai taɓa kwana nesa da Adar ba, ga sanyi, ga sabon karatu, ga wankin kwanoni a gidan abinci har tsakar dare, ɗaya daga ciki sai ya sha kashi, kuma yawanci karatun ne. Bashi kuwa ban ba ka shawara ba. Ko mun ajiye maganar riba ta fuskar addini, wadda na san ba za ka ajiye ba, iyakar kuɗin ruwa da aka sa a ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma a 2014 ita ce kashi 15 cikin 100 a banki, 24 a ƙananan asusun ba da rance. Ana cin irin wannan bashi ne don kayan da za su juya cikin wata shida, ba don karatun da sai bayan shekara biyar za a fara ganin amfaninsa ba, in an samu aiki.

Kar kuma ka ɗauka Maroko ragowa ce. Hukumarsu ta haɗin gwiwa da ƙasashen waje, AMCI, ta daɗe tana ɗaukar ɗaliban ƙasashen Afirka, ƴan Nijar da yawa sun bi ta nan, kuma darussan kimiyya a jami'o'in gwamnatinsu da Faransanci ake yi, harshen da ya ci bak da shi. Mai ɗaukar ma'aikacin kwamfuta, a Yamai ne ko a Dakar, zai zaunar da shi gaban na'ura ya ce nuna mini abin da ka iya. Sunan gari ba ya rubuta manhaja.

Sai dai kafin ku ce kun karɓa, a karanta maka takardar burs ɗin layi-layi. Ko an ce maka burs ɗin "cikakke" ne, kalmar tana da faɗi. Wa zai biya jirgi? Ɗakin na duk shekarun ne ko na shekarar farko? In ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, ana yanke tallafin? Fannin da aka rubuta shi ne kwamfutar da yake so, ko wani aka zaɓa masa? Ku je ANAB a Yamai, hukumar da ke kula da burs, ku ji komai daga bakinsu, ku kuma tambayi yadda ake amincewa da digirin in ya dawo gida. Ka kuma shirya ƙara masa wani abu duk wata, don kuɗin burs ba su cika kai yaro ƙarshen wata ba. Abu ɗaya ne zai sa in sake magana: in ya zama fannin da aka ba shi ba ya so sam. Ko a nan ma ba Liyon zan fara dubawa ba, zan duba Jami'ar Abdou Moumouni da EMIG, makarantar injiniyoyi, a Yamai tukuna.

Saura zuciyar da uwarsa take tsoron a karya. Hajiya tana da gaskiya, yaro ba buhu ba ne. Kar ka ce masa "a'a" daga bakin ƙofa. Kira shi bayan isha, ka buɗe masa littafin kasuwarka, wanda na tabbata bai taɓa gani ba. Kallon kitse yake yi wa rogo, yana ganin motoci suna lodi yana zaton duk na Baba ne. Bar shi ya yi lissafin da kansa, ai shi ne mai bak. Ka kuma tuna masa ƙannensa, don abin da ka yi wa na fari, na ɗaya ɗakin ma suna kallo, kuma ranarsu tana zuwa.

Sannan ka ba shi alkawarin da za ka iya cikawa. Duk ƙarshen kasuwar shekara ka ware miliyan 2 daga riba, in shekarar ta ba da, ka ajiye su inda hannunka ba ya kai wa ranar da albasa ta yi araha. Shekara 3, miliyan 6. In ya fito lisans da maki mai kyau, ya nemi masta a Faransa daga can Maroko. Masta shekara 2 ne ba 3 ba, kuma a wannan matakin ne ƙofofin tallafi suka fi buɗewa. Burs ɗin Eiffel na gwamnatin Faransa, alal misali, na masu masta da dakta ne, ba a ba ɗan lisans. Miliyan 6 ba za su biya duka ba, amma sun kusa ɗaukar shekarar farko, kuma a lokacin mai shekara 22 ne zai tafi, wanda ya riga ya koyi dafa wa kansa shinkafa a ƙasar da ba tasa ba.

Ka duba ranar ƙarshe ta mayar da amsar burs ɗin tun yau. Irin waɗannan takardu ba sa jiran a gama shawara da dangi.