Tambaya da Amsa kan Lambun Gida: Furen lili da zafin bazarar Kaduna

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yayata ce ta kawo mini albasar furen lili guda shida daga Ingila. A jikin ledar an rubuta a shuka a watan Maris ko Afrilu, na kuwa shuka a Maris a tsakar gidanmu. Sun tsiro da kyau, har biyu suka yi toho, sai tohon ya bushe ya zube, ganyen ya ƙone daga baki. Kullum ina ba su ruwa. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Malali, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Hannunki ba shi da laifi, lokacin shukar ne bai dace da garinmu ba. Wanda ya rubuta Maris a jikin ledar nan da mutanen Ingila yake magana. A can, Maris sanyi ne yake janyewa a hankali, ƙasa na da danshi, rana ba ta da ƙarfi. Mu kuwa a Kaduna Maris da Afrilu su ne tsakiyar zafi, ana kai maki 35 a ma'aunin Celsius har a wuce, ga siminti da katangar gida suna mayar da zafin kan shuka har bayan la'asar. Wannan lilin, wadda masana ke kira Lilium, ta fi jin daɗin maki 15 zuwa 25. Zafi ya yi mata yawa, abu na farko da take zubarwa shi ne toho. Ruwan da kike ba ta kullum kuma ba ya sanyaya ta, sai ma ya jiƙa albasar cikin ƙasa mai ɗumi ta fara ruɓewa.

Kada ki tumɓuke su yanzu. Idan a tukunya suke, mayar da su gefen gabas inda hantsi zai same su, inuwa ta rufe su kafin azahar. Ki rage ruwa, sai kin cusa yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. Ki bar ganyen ya yi rawaya da kansa, domin da shi albasar ke tara abincin baɗi. Idan a ƙasa kika shuka, ki kula da watan Agusta. Jar ƙasar wasu unguwanninmu tana riƙe ruwa, kuma kwana biyu cikin kwantaccen ruwa ya isa ya kashe lili.

Idan ganyen ya mutu, tono albasar ki matsa ta a hankali. Wadda ta yi laushi ko wari, jefar. Mai tauri ki adana, amma ki sani ba ta da ɓawo irin na albasar miya, ɓangarori ne tsirara a jere, don haka in kin bar ta a iska bushewa za ta yi. Ki sa ta cikin garin katako mai ɗan danshi, a leda mai huji, ki ajiye a ƙasan firji inda ake sa kayan miya, ban da wajen ƙanƙara. Tana bukatar sanyin nan na mako 6 zuwa 8 kafin ta yarda ta sake fure. A ƙasashe masu sanyi irin Ingila hunturu ke yi mata wannan, mu sai firji. Kada ki haɗa ta da ayaba ko tuffa, iskar da suke fitarwa idan suna nuna tana lalata furen tun yana cikin albasa. Na san halin wutarmu, in firjin gidanku yana wuni a kashe, aikin zai yi wuya.

Ki lissafa yadda za ki fito da ita a farkon Nuwamba, lokacin da dare ya fara sanyi. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi ta fi roba, tana numfashi. Haɗin da nake yi shi ne ƙasar lambu kashi biyu, yashin rafi kashi ɗaya, kashin shanu da ya ruɓe sosai kashi ɗaya, da ɗan ɓuntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji ƙona ta zai yi. Ki binne ta kusan taƙi guda, wato santimita 15, tsinin yana sama. In Allah ya yarda cikin wata uku za ki ga fure, kafin zafi ya dawo. Mutanen Jos sun fi mu sauƙin wannan, tudunsu ya kai mita 1,200, sanyi na taimakonsu.

Amma ƙanwata, in shawarata za ki bi, ki ba waɗannan shidan haƙƙinsu don darajar tsarabar yaya, sannan ki cika lambunki da waɗanda garin nan ya karɓa. Abin yana damuna yadda muke wahala da na waje, ga namu a bakin hanya. Ki je wajen masu sayar da furanni ki nemi amarilis, mai manyan furanni ja ko ruwan lemo a kan doguwar sanda. Asalinta Kudancin Amurka ne, amma ta zauna da mu daram. Ita ba a binne ta duka, ana barin wuyanta a waje, kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan damina ki daina ba ta ruwa kamar wata biyu ta huta, sai ki ga sandar fure ta ɓullo tsakanin hunturu da bazara, wani lokaci tun ganye bai fito ba. Tana 'ya'ya a gindi, bayan shekara biyu ko uku ki rarraba ki ba maƙwabta.

Akwai albasar kwaɗi, wadda ke fitowa da kanta a fadamunmu, furenta fari da jan zane a tsakiya, da ruwan farko take buɗewa. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan mai ganye kamar ciyawa, fara ko ruwan hoda, da ake kira lilin ruwan sama: kwana kaɗan bayan an yi ruwa mai ƙarfi sai gefen hanyar shiga gida ya cika da ita. A gidana ita ce ban taɓa yi wa hidimar komai ba sai cire ciyawa.

Tambaya: Anti, ina da yara ƙanana, da kyanwa, da akuya biyu. Waɗannan furannin suna da illa? Daga wani magidanci a Barnawa.

Amsa: Malam, suna da ita, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka shuka. Lilium guba ce ga kyanwa, ko garin furen ta lasa a jikinta zai iya kashe mata ƙoda cikin 'yan kwanaki. Gida mai kyanwa a haƙura da ita, in kuwa ta riga ta ci, a garzaya wajen likitan dabbobi a ranar. Albasar amarilis da ta albasar kwaɗi suna sa amai da ciwon ciki, kuma sun yi kama da ta miya, don haka kada uwargida ta ajiye su a kicin ko inda yaro zai ɗauka. Akuyoyin kuma a kewaye lambun da waya ko zana, domin ko ba su cutu ba, ba za su bar maka ganye ɗaya ba.