Ga 'yar'uwar da ke neman safaya mai launi don zoben alkawari

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce mai neman aurenki ya bar miki zaɓin dutsen zobe, ke kuma safaya ruwan hoda kike so ba daimon ba, kin ga wani a intanet, mai shi ya rantse na asali ne, kina tambaya ko zai jure sawa kullum. Zai jure. A ma'aunin tauri na Mohs safaya na kan 9, daimon na kan 10, ba ya saurin karcewa. Amma don Allah kada ku tura kuɗi a kan rantsuwa da hoto.

Nawa shuɗi ne. Shi ma wanda ya sayar wa maigidana rantsuwa ya yi ta zubawa, wai daga Sri Lanka aka haƙo shi, ba a taɓa shi da komai ba. Ina sawa ina alfahari, har ranar da gefensa ya ɗan ɓantare muka kai wa mai gyaran duwatsu ya goge. Yana gogewa sai ga wurin ya fito fari fat. Ashe dutse ne marar launi aka gasa da sinadarin titaniyam, shuɗin a fata kawai ya tsaya, bai shiga ciki ba. Ban damu da dutsen ba kamar yadda na damu da fuskar maigidana, bawan Allah. Ya daɗe yana tara guminsa don ya faranta min, sai ga shi tsaye ya kasa haɗa ido da ni, kamar shi ya yi laifin. Muka kira mai sayarwa, ya fara cewa mai gyaran ne ya musanya dutsen, daga baya ya ce ai dama kowa haka yake yi, ƙarshe ya toshe lambarmu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ni dai na bar shi da Allah, don na tabbata ba mu kaɗai ya yi wa haka ba.

Kada ki fahimce ni a baibai, gasa dutse da wuta zalla ba cuta ba ce. Yawancin safayar da ke kasuwa an gasa ta don launi ya fito, kuma launin ba ya gushewa. Cutar ita ce a cusa wani sinadari a ɓoye miki. Ke da kike son ruwan hoda sai ki fi ni lura, musamman in ya ɗan karkata zuwa ruwan goro, irin wanda ake kira padparadscha. Tun wajen 2001 aka fara ganin duwatsun da aka gasa da sinadarin beriliyam a Tailan suna ba da wannan launin, kuma ido ba ya ganewa, sai na'urar ɗakin gwaji. Ki ce sai da takardar shaida daga ɗakunan gwajin duwatsu irin su GIA ko SSEF ko Gübelin, ki duba lambar takardar a shafinsu da kanki. Takardar da mai shago ya buga da sunan shagonsa ba shaida ba ce. Akwai kuma wanda ake cike tsagarsa da gilashi, wannan ko kyauta ne ki bar shi, wutar maƙeri kaɗai tana lalata shi.

Ki nemi bidiyo a hasken rana da kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki na ɗaki. Wani dutsen da rana ya yi kyau, da dare ya koma dushi-dushi. Ki kalli tsakiyarsa sosai, in kina hango yatsa ta ciki to an yanka shi ba zurfi, launin zai tsaya a gefe ne kawai. Kuma safaya ta fi daimon nauyi, don haka mai karat 1 (ma'aunin nauyin dutse ke nan) zai fi daimon mai karat 1 ƙanƙanta a ido, ki tambayi faɗinsa da milimita.

Masu cewa in ba daimon ba ne ba zoben alkawari ba ne, ki rabu da su. Zoben Gimbiya Diana na 1981 safaya ce shuɗiya mai karat 12 kewaye da daimon 14, shi ne kuma Yarima William ya ba Kate a 2010. Ni ma surutun masu cewa sai daimon ya dame ni a lokacin nawa, har na yi kuka a kansa, alhali ba su za su sa ba.

In kuɗin bai kai ba, wanda ake haɗawa a masana'anta ma safaya ce, sinadari ɗaya, tauri ɗaya, matuƙar an faɗa miki gaskiyar abin da kike saya. Kafin a biya ko kwabo, mai sayarwa ya rubuta cewa zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi in gwaji ya saɓa da maganarsa. In ya fara kame-kame, ki turo hoton takardar a nan mu duba tare. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.